Katangar Rumbun Alhaji Jalo

Da hantsi aka kira Sufeto Sajo daga Kabo zuwa Durun. Katangar wani rumbun hatsi ta faɗo wa mai gadi, Malam Dalhatu, ya rasu nan take.

Mai rumbun, Alhaji Jalo, ya nuna wani ɗan acaɓa. "Ashiru ne, ranka ya daɗe. Da gudu ya zo ya daki katangar."

"Ƙara na ji, na yar da babur na zo ɗaga bulo," in ji Ashiru. Aka tsare shi.

Bayan azahar yayarsa, Malama Naja'atu, mai koyar da kimiyyar fizis a Gwarzo, ta shigo ofis. Ta gaisa, ta ƙi zama.

"Yallaɓai, ba roƙo na zo ba. A ba ni biro."

Sufeto ya miƙa mata.

"Ƙarfin duka shi ne nauyin abu sau saurin canjin gudunsa. Babur da Ashiru kilo ɗari biyu ne. A ce yana cin mita goma a daƙiƙa, ya tsaya cikin rabin daƙiƙa. Canjin ashirin ke nan. Ɗari biyu sau ashirin, niyuton dubu huɗu. Wannan ƙarfin shi ma zai dake shi. Ina raunin? Ina tayar da ta lanƙwashe?"

"Malama, nan ba aji ba ne."

"To ku rufe ni tare da shi. Lissafin ba zai sake ba. Mota mai kilo dubu goma, a tsayawa irin wannan, ta ninka shi hamsin. Ita za ku nema."

Sufeto ya duba babur ɗin. Ko fitila ba ta fashe ba.

Ya koma Durun. An share gindin katangar, amma shatin babbar taya ya rage a bakin kwata.

"Ina motarka ta hatsi, Alhaji?"

"Tun jiya tana Kano."

A ƙauyen Mainika aka same ta, bayan gidan ƙanin Alhaji, lulluɓe da tamfol. Ƙarfen bayanta ya lotsa, duk garin bulo a jikinsa.

Aka kawo Alhaji, aka nuna masa motar.

"Direba bai zo ba, na ja da kaina. Ina baya na taka totur a maimakon birki. Ban san Dalhatu na zaune a inuwar ba."

"Ashiru fa?"

"Shi ya fara zuwa, sai na ɗora masa laifin."

Sufeto ya sa wa Alhaji ankwa, kurata biyu suka wuce da shi mota.