Zanen Gari a Bakin Ƙofa

Ranar da Kausar ta fara ganinsa, tsaye yake da ƙafa ɗaya a sama kamar zalɓe, yana neman wurin takawa. Ta fito ke nan za ta asibitin da take aikin jinya, ta tarar da sabon maigadin benensu na unguwar Abu Hamour da ke Doha a ƙofar maƙwabciyarta, ga wani farin zane shimfiɗe a gabansa.

"Baiwar Allah, wannan fa? Kar in ɓata wa wani aikinsa."

Hausar da ta ji a bakinsa ta sa ta murmushi. "Muggu sunansa. Anti Saroja ke yi kowace safiya da garin shinkafa. 'Yar ƙabilar Telugu ce daga Indiya, addinin Hindu take bi."

Ya manne da bango ya raɓa ya wuce. Shekara biyu tana kallon mutane na tattake zanen nan, yau ta ga wanda ya kauce masa.

Sunansa Munzali. Kafin wata shida har saƙonni sun fara yawo tsakaninsu.

"Tauraruwata, yau ma na ceci zanen Antinki daga hannun mai goge-goge. Saura ki ba ni gadin zuciyarki."

"Maigadi, ai makullin ya daɗe a aljihunka."

Ummanta, Hajiya Haulatu, ta taso daga Gusau don ta ga yaron da idonta. Zuwan ya faɗo a makon Sankranti, bikin girbin su Anti Saroja, sai tsohuwar ta zana furanni a ƙofar Kausar don tarbar baƙuwa. Wani mai kawo ruwa ya bi ta kai da kurarsa. Munzali ya tsuguna yana gyarawa da yatsa, daidai nan lif ya buɗe: ga Umma, ga Kausar, ga Tanko direba riƙe da akwati. Tankon da Kausar ta taɓa ba wa haƙuri da ya nemi aurenta.

Tanko ya rage murya. "Hajiya, kin dai gani da idonki. Barbaɗe a ƙofar yarinya!"

Umma ta ja da baya tana salati. Sai da aka wanke wurin tas ta shiga.

"Umma, wallahi ado ne, maƙwabciyata ce..."

"Rufe min baki! Wanda aka yi wa asiri ai shi ke kare mai asirin. Maganar auren nan ta ƙare, khalas, in ji mutanen garinku."

Da yamma saƙon Munzali ya shigo. "Kada ki yi jayayya da Umma a kaina, Tauraruwata. Tsoronta na uwa ne. Idan rabona ce ke, Allah zai wanke ni."

Kausar ta share hawaye. Washegari bayan sallar asuba ta buɗe ƙofa kawai, ta bar ta a buɗe.

Umma na kan darduma ta hango tsohuwar a durƙushe, gari na zuba ta tsakanin yatsunta, ɗigo na haɗuwa da ɗigo. Ta daɗe tana kallo kafin ta taso.

"Tambaye ta, na mene ne?"

Kausar ta shiga fassara. Anti Saroja ta nuna layin tururuwa da ke jan garin. "Abincinsu ne, kada gari ya waye ban ciyar da kowa ba. Na ƙofata ina kiran Lakshmi da shi, allahiyar arziki a wurinmu. Na san ba addininku ba ne, shi ya sa naku furanni zalla na yi. Sannu da zuwa ce kawai."

"To shi yaron me ya tsugunar da shi?"

Tsohuwar ta kwashe da dariya. "Gyara wai! Ya mayar min da fure kamar kunnen jaki."

Umma ta dubi zanen, ta dubi lallen hannunta.

"Astagfirullah, na ɗauki alhakin bawan Allah. Kausar, kira min shi. Wanda ya ji nauyin taka garin maƙwabciya ba zai taka min 'ya ba."

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure a Gusau, aka yi walima a Doha. Anti Saroja ta nemi izinin Umma, ta rataya toranam, jeren ganyen mangwaro, a saman ƙofar amarya, ta zana furanni har bakin lif.

Munzali ya raɗa wa amaryarsa, "Dubi Umma."

Ga Hajiya Haulatu can ta tattare zani, ƙafa ɗaya a sama, tana neman wurin takawa.

"Ku yi dariyarku," ta ce. "Allah Ya yi muku albarka, Ya haɗa ku da maƙwabtan kirki duk inda kuka sauka."

Kausar ta ce amin, hannunta cikin na Anti Saroja, mai ɗauke da sauran gari.