Ƙwayar Sukari a Haɓar Zane

"Ba zan ba mashayi 'yata ba," in ji Goni Mala. "Magana ta ƙare."

Zara tana durƙushe a ƙofar turakarsa. Kanta yana ƙasa, amma muryarta ba ta yi ƙasa ba.

"Baba, Isyaku bai taɓa shan giya ba."

"To me yake kai shi Sabon Gari duk ranar Laraba? Mutum uku sun gan shi. Ɗan Musulmi, tela a Kantin Kwari, me ya ajiye a can?"

"Ciwon sukari ne da shi. Abin da yake kai shi can, shi yake kai ni da Gwaggo."

Goni ya ɗago kai ya dube ta.

"Asibiti na ce ki riƙa raka ta."

"Muna zuwa. Daga can muke wucewa..."

"Sukari ciwon tsofaffi ne. Saurayi kuma? Ya yi miki ƙarya kin haɗiye. Ya zo ranar Asabar da hantsi, in gan shi da idona."

Gaskiya Zara ta faɗa. Tun 1955 Gwaggo Fatsuma, yayar Goni, take fama da ciwon. Likitan asibitin Bature ne, magana uku yake yi ta bakin tafinta ya ce a kira na gaba. Sauran ilmin a bayan shagon Madam Felicia ake samunsa, wata Inyamura mai sayar da kwanuka a Sabon Gari, wadda ta shekara tara tana yi wa kanta allura. Can masu ciwon suke taruwa a kan benci bayan sun fito daga asibiti.

Felicia ce ta koya musu tafasa sirinji da wasa bakin allura a dutse. Nwabueze, tsohon ma'aikacin reluwe, ba ya dogon bayani. Takalmi yake cirewa ya nuna ƙafarsa mai yatsu uku.

"Ƙusa ɗaya ta yi mini haka. Ko bayan gida za ku, ku sa takalmi."

Gwaggo ma tana da nata. Ita ta nuna musu kunun tsamiya ba sukari, da rage malmalar tuwo a cika kwano da ganye.

A kan wannan bencin Zara ta fara ganin Isyaku, siriri, ba ya yawan magana, yana ɗinka wa kowa ƙaramin aljihu a cikin riga don ajiye sukari. Ranar da Felicia ta lura da irin kallon da suke yi wa juna, sai ta ja Zara gefe ta danƙa mata ƙwayar sukari uku.

"Kina son shi?"

Zara ta rufe fuska da mayafi.

"Bar kunya, 'yata. Mai allura in bai ci abinci a kan lokaci ba, zai yi gumi, jiki ya yi rawa, ya yi magana kamar ya sha burukutu. Kada ki tsaya tambaya. In dai yana iya haɗiya, sukari a baki. Ɗaure wannan."

Ta ɗaure a haɓar zanenta. Wata biyar ke nan ba ta rabu da shi ba.

Ranar Asabar Isyaku ya iso gidan Goni a Fagge da hantsi cikin wata babbar riga. Goni ya bar shi a gefen zaure, ya ci gaba da hira da dattawa biyu kamar ba kowa. Zara tana leƙe ta bayan asabari. Ta san ya yi allurarsa tun safe. Ta san kafin rana ta take dole ya ci. Ta kuma ga rigar aro ce, ba ta da aljihun nan.

Aka yi azahar aka dawo. Aka kawo akushin tuwo, aka tura masa.

"Bismilla," in ji Goni.

"Alhamdu lillahi, Baba. Na ƙoshi."

Zara ta ciji leɓe. Kowa ya sani, mai neman aure ba ya cin abinci a gaban uban yarinya. Kunya ce. Yau kuwa kunyar za ta iya kashe shi.

Goni ya juyo a ƙarshe.

"Me kake yi a Sabon Gari?"

Isyaku ya buɗe baki. Gumi ya jiƙa hularsa, hannunsa yana rawa a kan gwiwa.

"Baba... ni... bencin... bencin Laraba..." Ya yi wata dariya mara dalili, ya jingina da bango.

Ɗaya daga cikin dattawan ya tsuke baki. "Goni, ga amsarka. Da rana tsaka ma."

"A fitar mini da shi," in ji Goni.

Zara ta ɗaga asabarin ta shigo. Tunda aka gina gidan, budurwa ba ta taɓa shiga zauren nan da maza a ciki ba.

"Koma ciki."

"Ba zan koma ba, Baba."

Ta durƙusa gaban Isyaku, ta kwance haɓar zane da haƙori.

"Isyaku, ni ce. Buɗe baki. Tauna, masoyina, tauna..."

"Kin ce sukari ne ciwonsa," Goni ya daka tsawa, "kuma sukari kike ɗura masa? Kashe shi za ki yi a zaurena?"

"In ya mutu, ni na kashe shi. A bar ni."

Ta ba shi na biyu, ta ba shi na uku. Can sai rawar hannun ta lafa, idonsa ya dawo daidai. Ya dubi Zara, ya dubi dattawan, ya yi sauri ya gyara zama.

"Zara... me kike yi a nan? Baba, a gafarce ni."

Muryar Gwaggo Fatsuma ta fito daga bayan asabari.

"Mala, ka taɓa ganin giyar da ƙwayar sukari uku ta kora? Ka shanya ɗan mutane tun hantsi da allura a jikinsa. Kai da karatunka, yarinyar nan ta fi ka sanin wannan."

Goni ya taso daga kan buzunsa. Ya matso, ya sunkuya kusa da bakin Isyaku, ya shaƙa, bai ji warin giya ba. Ya koma kan buzunsa.

Zara ta jawo akushin.

"Sukarin ba ya daɗewa. In bai ci tuwo yanzu ba, abin zai dawo."

"Ba zan iya ba," in ji Isyaku a hankali. "A gaban Baba..."

"To ji. Na karya kunyata na shigo cikin maza saboda kai. In taka ta fi ranka, tashi ka tafi, ni ma na fasa." Hawaye yana zuba a fuskarta, ba ta share ba.

Isyaku ya dubi akushin, ya dubi Goni. Hannunsa bai motsa ba.

Goni Mala ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya miƙe, ya ɗauki buzunsa, ya juya shi, ya zauna fuskarsa tana kallon bango. Ya yi wa dattawan nuni da hannu, su ma suka juya.

"Ni bango nake gani," ya ce. "Surukina ba zai mutu da yunwa a gidana ba. Ke kuma, tsaya nan sai ya cinye."

Zara ta buɗe akushin.