Kwalbar Inna

Ko na rantse da abin da zai kashe ni ba za ku yarda ba, don an san bakina ba ya hutu. Amma ni ɗin nan da na tsere daga makaranta a aji huɗu, ni na ceci binciken manyan likitoci, kuma har yau ko sannu ba a ce min ba.

Yayana mai gyaran firji ne. Ciwon dajin ɓargo ya kama shi, irin mai cin ƙashi ta ciki yana taɓa ƙoda. Aka yi magani ciwon ya kwanta, ya dawo. Aka canza wani, ya sake dawowa, har sunkuyawa ya ɗauki sukudireba ta gagare shi. Matarsa, da muke kira Anti, ita ke juya shi a gado, ita ke ɗaura masa takalmi.

Wata rana suka dawo daga asibiti, ta durƙusa gaban mahaifiyarmu a falo.

"Inna, likita ta ce akwai sabon magani da ake gwadawa. Za su ɗebi wasu ƙwayoyin jininsa, su koya musu gane ciwon a ɗakin bincike, su mayar masa. Ba ta yi alkawarin warkewa ba. Sharaɗin dai, sai ƙodarsa na da ƙarfi, kuma kada ya sha abin da ba su sani ba."

"Gwaji?" Inna ta ajiye carbi. "Ɗan nawa ne ɓeransu? Dama ke ba ki san zafin naƙudarsa ba."

"Inna, ni na ce ina so," in ji Yaya.

"Kai rufe min baki, an gama da kai."

Washegari Inna ta dawo da wata kwalba cike da baƙin ruwa daga wurin wani mai magani a bayan tasha. Safe da yamma sai ta tsaya a kansa ya shanye kofi guda. Yaya kuwa bai taɓa iya ce wa Inna a'a ba.

Na iske Anti a kicin tana wanke kofin da ta riga ta wanke, hawaye na zuba.

"Matata, wa ya taɓa min ke?"

"Farfesa, yau ba ni da ƙarfin wasa. In na hana, na shiga tsakanin ɗa da uwa. In na yi shiru, ƙodarsa ce za ta biya."

Nan basirata ta motsa. Na tafasa ganyen shayi har ya yi baƙi ƙirin, na tuttular da na kwalbar a bayi, na ɗura nawa. Duk kwalbar da Inna ta sayo ta sa a firji, haka nake mata. Yaya bai gane ba, magungunan baya sun kashe masa ɗanɗano. Anti ma ban gaya mata ba, don fuskarta ba ta iya ɓoye komai. Ita dai kullum tana leƙen ƙafafunsa ko sun kumbura, ta zauna, ta miƙe, ta sake leƙawa.

Ranar awon ƙarshe Inna ta ce ƙafarta ƙafarmu, har da kwalbarta a jaka. Likita ta ɗago ta tambaya, "Yana shan wani abu ban da namu?"

Yaya ya kalli silin. Na taka ƙafar Anti don kada ta faɗa.

"Yana sha," in ji Anti.

"Kun ga munafuka ko?" Inna ta miƙe tsaye.

"Kin san wannan zai iya sa a cire shi daga binciken?" likita ta ce.

"Na sani. Gara a cire shi da ransa, da a ɗora masa magani mai ƙarfi a kan ƙodar da ta gaji."

Yaya ya juyo a hankali. "Damata ta ƙarshe ce fa. Ke ce za ki rufe min ƙofa?"

Anti ta fashe da kuka. Likita ta karɓi kwalbar ta aika a duba, aka ɗebi jinin Yaya, aka ce mu jira a baranda. Wannan jira ba na fatan ko maƙiyina ya yi irinsa. Yaya ya ƙi kallon matarsa, Inna na ta ƙwafa, ni ina safa da marwa. In na yi magana Inna ta cinye ni ɗanye, in na yi shiru aure na shirin mutuwa a gabana. Na buɗe baki kenan aka kira mu.

"Mama, wa ya sayar miki da wannan?" Likita na danne dariya. "Shayi ne zalla. Ƙodarsa na nan yadda take, za mu ci gaba. Amma da na gasken ne, gaskiyar surukarki ce kaɗai za ta cece shi."

Daga asibiti Inna ba ta zame ko'ina ba sai bayan tasha, ta wanke mai magani tas a gaban jama'a.

Da aka mayar wa Yaya jininsa, zazzaɓi ya rufe shi, har ya daina gane mu. Anti ba ta matsa daga bakin gadon ba. Ranar da ya farfaɗo, hannunta ya fara lalubawa. "Ki yafe min," ya ce. Inna na tsaye a ƙofa, ta share ido da gefen mayafi. "'Yata, je ki miƙe bayanki, ni zan zauna."

Bayan watanni likita ta ce ciwon ya ja da baya har awo ba ya ganinsa. Ba ta ce ya tafi ba, za a ci gaba da bibiya. Yaya dai ya koma shagonsa. Ku riƙe wannan: mai sonka na gaskiya ya yarda ka yi fushi da shi, in dai za ka rayu, kuma mai haƙuri shi ke dafa dutse.

Ni kuwa bakina ne ya ja min. Ina matattakala ina ba abokina labari a waya, "Kai, ko likitar ba ta gano hannuna ba," sai na ji an murɗe min kunne ta baya.

"Maimaita, Farfesa," in ji Inna. "Wato kai ka sa na zagi bawan Allah a banza?"

Anti na riƙe da ciki don dariya. "Mijina, a dawo lafiya."

Kunnena a hannun Inna har bayan tasha. Mai magani ya fito daga rumfarsa, ƙato kamar firjin gidan sanyi, yana naɗe hannun riga.

"Durƙusa," in ji Inna. "Fara daga farko."