Kan Injin Fadamar Wurno

Ranar Juma'a bayan la'asar Mode makanike ya koma bakin Gulbin Rima don ya tayar da injin ban-ruwa, sai ya tarar an cire masa kai. Injin na nan zaune bisa dakalinsa na sumunti, amma babban ƙarfen da ke rufe silindojinsa biyu ta sama babu shi. Mode ya zagaya rumfar sau biyu, sannan ya hau keke ya kai labari Wurno.

Shekara goma ke nan da ƙare yaƙin Bama. Injin kuwa shekararsa uku a wurin. Baturen gona ne ya kawo shi, ya danƙa wa ƙungiyar manoman albasa. A rani gulbin kan tsinke ya bar gurabun ruwa, injin yana zuƙa daga gurbi mafi girma ya shayar da gonaki fiye da arba'in. Albasa ta soma kai a lokacin, kwana biyar babu ruwa ta lalace. Sabon kai kuwa sai an aiko da shi daga Ikko, wata biyu in an yi sa'a.

Kafin magariba an kulle Mode. Baturen ya ce duk ƙasar ba wanda ya san kwance injin sai shi.

Da safiyar Asabar Sajan Mainasara na 'yan doka ya isa rumfar. Ya tuƙa motar soja shekara huɗu a yaƙi, ya sha kwana ƙarƙashin inji, don haka bai yi gaggawar taɓa komai ba. Ya tsuguna yana duba.

An zuƙe ruwan injin cikin garwa, ba a bar ko ɗigo ya gangara cikin silinda ba. Noti goma sha biyu da ke ɗaure kan an jera su bisa tabarma, kowanne daidai da mazauninsa. An kwance bututan mai, an toshe bakinsu da auduga. An rufe silindojin da tsumma mai tsabta don kada yashi ya shiga. Ya shafa fuskar ƙarfen da kan ke zama a kai, santsi, ba alamar an cusa wani ƙarfe an ɓamɓare. Dogayen ƙusoshin da kan ke zurawa cikinsu suna tsaye cak, ko ɗaya bai lanƙwashe ba. Wanda ya ɗaga, sama ya ɗaga kai tsaye, a hankali. Ga guntayen itace huɗu a gefe, irin waɗanda ake tokarewa da su don kada hannu ya shiga ƙarƙashin nauyi.

Abu biyu ne bai gane ba. An janye zana ɗaya daga rufin rumfar. Taku uku daga injin, ta wajen ruwa, akwai rami mai zurfin kamu ɗaya, da ɓarɓashin busasshiyar laka kewaye da shi. Babu sawun mota, babu na jaki.

Ya koma Wurno aka fito masa da Mode.

"Yaushe ka kashe injin?"

"Da hantsi, Sajan. Kullum Juma'a haka nika yi, in tahi masallaci."

"Wa ya gan ka?"

"Wanzamin bakin kasuwa yai min aski. Sahu na biyu nit tsaya, kusa da ladan. A tambaye su."

"Aikin da na gani can, aikinka na."

Mode ya sunkuyar da kai. "Wallahi da nig gani sai da gabana yaf faɗi. Har jerin notin irin nawa. Wanga mutum ya bari inji ya huce kahin shi taɓa, don in ka kwance da zahi kan shina karkacewa. Kuma na duba, daga gehe yaf fara sassautawa, kaɗan-kaɗan, shina zagayawa har tsakiya."

"Da mi kake ɗaga shi?"

"Sarƙa da ƙahwa ukku. Nauyinshi ya kai buhun gero, kuma ba wurin kamawa. Sarƙar tana sito nan Wurno, makulli ga akawun ƙungiya."

"Sufanun kwance noti fa?"

"Suna akwati cikin rumfa. Makullin ƙarƙashin dutse nika aje shi."

"Wa ya sani?"

"Masu kama min in za a kankare baƙin hayaƙi, sau ɗaya a shekara. Sale, da Lauwali, da Baba Maccido."

Wanzami da ladan suka tabbatar da maganar Mode. Akawu ya buɗe sito, ga sarƙa rataye, yanar gizo-gizo a jikinta. Mainasara ya nemi a saki Mode, aka ce sai kan ya fito.

A kasuwa kuwa sunan mutum ɗaya ake kira, Alhaji Atiku na Rabah, mai injin niƙa da ya tsaya tun watan jiya. Mainasara ya taka keke har can. Alhaji ya karɓe shi da fura, ransa a ɓace.

"Har ni za a ce ma ɓarawo, Sajan?"

"Ba a ce ba, Alhaji. Injin nika son gani."

Kallo ɗaya ya isa. Injin niƙan silinda ɗaya gare shi, kansa bai kai rabin wanda aka ɗauke ba, kuma lafiyarsa lau, ƙarfen juyawa ne ya karye. Mainasara ya ba da haƙuri ya juyo.

A hanya ya yi ta juya abin. Mai sata don ya sayar zai haɗa da noti da bututai, ba zai tsaya toshe baki da auduga ba. Mai ƙeta kuwa bai buƙatar wannan wahala, yashi hannu ɗaya cikin mai ya gama da injin har abada. Wannan mutum so yake injin ya tsaya, amma ba ya son ya mutu. Yana da niyyar mayarwa ke nan.

Ranar Lahadi ya bi fadamar a ƙafa. Gonar Sale da ta Lauwali duk injin ke shayar da su, ya same su zaune bakin kwarin ruwa da ya bushe, ganyen albasarsu ya fara kwantawa. Sale ya ce Maccido ba ya cikin ƙungiya, gonarsa tana can ƙasa, inda har yanzu da jigo ake ban-ruwa.

Mainasara ya gangara. A bakin gurbin na ƙasa jiguna sun jeru, kowanne doguwar sanda ce ɗaure bisa gwafa, guga a gaba, curin laka a baya don ya rinjayi nauyin ruwa. Ya tsaya yana kallon wani manomi yana ɗaga guga cike da yatsu uku, kamar ba komai ciki. Sai ramin nan da ɓarɓashin laka suka faɗo masa a rai.

Ya bi jigunan yana dubawa ɗaya bayan ɗaya. Na bakwai, ƙasar gindin gwafarsa sabon tono ce. Curin lakarsa an ƙara shi sannan an fasa ƙarin, ga gutsattsarin a zube. Igiyar kuma baƙa ƙirin da man inji wajen kamu biyu.

Wani dattijo mai furfura yana sassabe kusa, ya ɗago ya dube shi, ya ajiye fartanya.

"Sannu da aiki, Baba Maccido."

"Sannu, Sajan. Na san za ka zo. Ban zaci yau ba."

"Ina shi?"

Tsohon ya nuna tarin karan dawa a bakin gaɓa. Mainasara ya yaye. Kan injin na kwance bisa katako biyu, fuskarsa ba ta taɓa ƙasa ba, an shafe shi da man gyaɗa an lulluɓe da fata.

"Ƙaƙa kag gane?" in ji Maccido.

"Ba a taɓa sarƙa ba, kuma mutum ɗaya ba ya cicciɓar wanga ƙarhe sama tsaye ba tare da ya lanƙwasa ƙusa ba. Da ku da yawa na, da na ga sawu. Ka tuge jigonka ka kai shi cikin jirgin ruwa, tunda gurbin sama ya miƙo har kusa da gonarka, lokacin da kowa ke masallaci. Ka kahwa shi gehen inji, ka janye zana don sandar ta samu hanya. Ka ƙara laka har ta kusa nauyin kan, sannan ka ɗaga da hannu ɗaya kana tokarewa da itace. Ka juya sandar ka sauke cikin jirgi. Mutum ukku sunka san inda makulli yake, biyu albasassu na mutuwa. Saura kai. Abin da ban sani ba shi na dalili."

Maccido ya kama hannun rigarsa ya ja shi bakin gaɓa. Ya nuna masa wani layi a jikin laka.

"Ranar Alhamis nan ruwa yat tsaya, guga ba ta kai mai. Dubi yau." Ruwan ya hau fiye da taƙi biyu. "Gurbin sama da wanga, ƙarƙashin yashi ruwansu ɗaya. In inji ya sha, mu munka ji ƙishi. Gida goma sha ɗaya muke nan. Sau ukku ina zuwa ga shugaban ƙungiya, shina ce min in yi haƙuri. Bara munka yi haƙuri, ba mu ɗebi ko kwando ba. Kwana huɗu nika so, Sajan. Tasu ba ta mutuwa cikin huɗu, na san albasa. In maida shi kamar yadda nis same shi."

"Mode fa? Kwananshi biyu a kulle. Matatai na bakin ƙohwa tun jiya da kwanon tuwo."

Tsohon ya saki hannun rigar Sajan. "Shi na ban tuna ba," ya ce. "Na tuna ruwan inji, na tuna yashi, na tuna zahi. Ban tuna wanda za a kama ba. Shekara ukku shina nuna min abin hannunshi, bai taɓa ɓoye min komi ba."

Mainasara ya dubi gonakin. Ƙanana ne, ganyensu ya ƙone daga baki, amma yau ƙasar da danshi. Ya san doka, ya san abin da zai yi, sai dai bai ji daɗin da yakan ji ba in ya kama ɓarawo.

"Sai mu tahi, Baba."

"To. Ka bari in ba fage biyun can ruwa, su kaɗai sunka rage."

Mainasara ya cire jar hularsa ya zauna bisa kunya, ya jira har aka gama.

A ranar aka saki Mode. Da hantsin Litinin ya ɗora sabon faifai tsakanin kan da jikin injin, aka sauke kan da sarƙa a hankali, ya ɗaure notin daga tsakiya zuwa gefe. Bugu biyu injin ya tashi. Albasar sama ta farfaɗo, ban da gona uku da ke can ƙarshen kwari.

Alƙali ya yanke wa Maccido wata biyu. Mainasara da aka kira shi shaida bai rage komai daga laifin ba, amma ya faɗi abin da ya gani a jikin laka, ya roƙi a je a duba. Aka je. Daga ranin nan injin yakan huta Alhamis da Juma'a, gidaje goma sha ɗaya suka ci gaba da noma.

Da Maccido ya fito, gidan Mode ya fara zuwa neman gafara. Mode ya fito zaure ya ce ya yafe, har ya raka shi bakin hanya. Amma tun daga shekarar, in zai buɗe injin, yakan sallami kowa ya kwance shi kaɗai. Sai lokacin ɗagawa ya yi yake kiran mutane, su ja sarƙa, su tafi.