Waken Toranke

Da hantsi rahoto ya iso ofishin 'yan sanda na Gaya: wani magidanci a Balan, Hadi, ya ci abinci ya mutu, mutane kuma sun yi wa matarsa Zuhra ƙawanya. Insifekta Mudassir ya bar shayinsa ya faɗa mota.

A Balan kowa ya riga ya gama bincike. Rabin gari sun ce ajali ne, tambaya ma saɓo ce. Sauran sun ce ai matar baƙuwa ce, wa ya san asalinta? Da ƙyar Mudassir ya fitar da ita. In ba a gano wani ba, ita za ta tsaya gaban alƙali.

"Me kika dafa?"

"Wake da shinkafa, Yallaɓai. Ni ramuwar azumi nake, ban ci ba."

A inda ta zubar da ruwan wankin waken, kaji ne kwance matattu.

Maƙwabciyarta Hanne kuwa, yaranta na asibiti suna ta amai.

Mudassir ya tambaye ta, "Zuhra ta ba su abinci?"

"A'a. Kallonsu dai ta yi."

"Ke me kika dafa?"

"Wake. Tare muka auno a kasuwar Gaya, wajen Alhaji Maiwada na Toranke. Amma shi ai ɗan sahun gaba ne a masallaci, Yallaɓai."

Maiwada kuwa kawun Mudassir ne, shi ya riƙe shi yana maraya, shi ya sa shi makaranta. Tun da yake bai taɓa yi masa tambaya ba, sai dai "To, Kawu."

Sai ga Mudassir, babban Insifekta guda, yana ta kewaye-kewaye. Ya titsiye mai Keke Napep, ya titsiye mai dako, har mai sayar da gishiri bai tsira ba. Saje Bashir, mataimakinsa, yana binsa yana haɗiye magana. Da suka bi ta rumfar Maiwada, tsohon bai ma jira tambaya ba.

"Wakena da toka da barkono nake ajiye shi, kamar kullum."

"To, Kawu."

A gida Mudassir ya kasa zama, ya kasa cin abinci. Matarsa Rukayya tana kwashe kwanuka ta ce, "Af, bana fa Kawu bai aiko mana da wake ba. Ko fushi yake da mu? Kowace kaka sai buhu ya zo."

Mudassir ya ajiye cokali. Ya so a ce bai ji ba.

A Toranke ya cire takalmi a bakin zauren kawunsa, ya durƙusa. Warin maganin ƙwari na fitowa daga ɗakin ajiya, har Saje ya toshe hanci.

"Kawu," in ji shi, "me ya sa bana ba ka aiko mana da wake ba?"

Tsohon ya gyara zama, ya ce:

"Ƙwari ne suka shiga. Na zuba magani fiye da kima, ban kuma jira ya sha iska ba, na kai kasuwa. Ban so yaranka su ci."

"Yaran Hanne fa, Kawu? Hadi fa? Matarsa tana tsare, ko takaba ba ta fara ba."

Maiwada ya miƙo hannuwa. Saje ya matso da ankwa, Mudassir ya dakatar da shi. Ya tashi, ya sa takalminsa tukuna, sannan ya karɓe ta da kansa.