Safar Hannun Badi'a

Ranar Laraba, kasuwar Konni na ci, Zaidu ɗan kabu-kabu ya goyo mahaifinsa Barmo daga Dogarawa zuwa asibiti, hauya ta sare masa ƙafa. Wadda ta tarbe su Badi'a ce, malamar jinya. Zaidu na ɗaga ido ya manta makullin moto a jiki.

Kafin ta taɓa ciwon, ta wanke hannu ta sa safar roba. Nan Barmo ya tsuke fuska. Mutumin da ya ga fari biyu, maciji ya sare shi ya tashi, rijiya ta rufta da shi ya fito da ƙafarsa, yau yarinya ce ke ƙyamar jininsa.

Zaidu dai ya samo lambar salularta. Da la'asar ya tura:

"Likitata, kin ɗinke ƙafar tsoho, kin bar ɗansa da ciwo."

Ta amsa: "Sarkin hanya, irin wannan ciwo maganinsa na hannun manya. Turo su."

Da ya kai maganar gida, Barmo ya ce atafau, wadda ta rufe hannu kafin ta taɓa shi ba za ta tuƙa masa tuwo ba. Ya ma ƙi komawa wankin ciwo. Ga wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, Mahamudu, kullum motarsa na ƙofar gidansu Badi'a, iyayenta kuma sun ba Zaidu wata guda: ko manyansa su zo, ko su ba mai mota.

"Hasken idona, kwana goma ya rage," ta rubuto. "Ni ban canza ba. Kawo mini ƙafar Baba."

Ƙafar ce ta kawo kanta, don ta kumbura kamar tulu. Badi'a ta ɗauko safa, Barmo ya janye ƙafa.

"Baba, yau gyambo tara na wanke kafin ka zo," ta ce a hankali. "Kana son in kwaso maka nasu in zuba cikin naka?"

Ta nuna masa abokiyar aikinta Tsahara, wadda allurar wani majiyyaci ta soka lokacin da take mayar mata da murfi. Wata guda ta yi tana shan magani, har yanzu tana jiran gwajin jini, an ɗaga bikinta. Tun ranar, in ji Badi'a, allura daga jikin mutum sai akwatin zubar da allurai, hannu kuma ba ya taɓa jini tsirara, ko na uwar da ta haife ta.

Barmo ya dubi ƙafarsa. Shi ma ai bai taɓa shiga ƙaya ba takalmi ba. Ya miƙa ƙafar.

"Ɗiyata, ashe ni kike tsarewa. Sa biyu ma."

Washegari, da sanda da ɗingishi, shi da kansa ya ja ƙannensa zuwa neman aure, ya riga mai mota da kwana uku.

An ɗaura aure bayan girbin gero. Da mata suka buɗe lefe, ƙarƙashin atamfofi sai ga kwali guda na safar hannu, Barmo ya saya da kuɗin wakensa. Aka yi ta dariya, shi ko yana gaya wa kowa cewa tun ranar farko shi ya zaɓo wa Zaidu ita.

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya tsare hannun da ke tsare mutane.