Kazar Juma'a

Wani bakanike ya fara ganin wata budurwa ne ran da ta turo babur ɗin babanta har garejinsa, tana haki. Ta dubi hannayensa ta yi dariya, ta laƙaba masa suna Baƙin Mai. Shi da ba shi da kowa a garin sai ɗaki ɗaya da rediyo, sunan ya yi masa daɗi har ransa.

'Yar Katolika ce, shi kuwa maraya ne da rabonsa da coci tun yana yaro. Da zai je gaida iyayenta a wata Juma'ar azumin Kirista, ta ja masa kunne kada ya kawo nama, don 'yan Katolika ba sa cinsa a ranar. Bawan Allah sai ya sayi gasasshiyar kaza, a ganinsa nama sai na shanu da tumaki.

Babanta ya buɗe ledar ya rufe.

"Ɗauki abinka, yaro. Wanda bai san kaza nama ba ce, me zai koya wa jikokina?"

Da yamma saƙonta ya shigo: "Baƙin Maina, Baba ya hana ni ganinka, ɗan katikis, malamin cocinmu, yake so. Ka yi haƙuri, ni kai nake so."

Kunya ta hana shi tambayar kowa. Duk Juma'a ya daina cin ƙwai, ya daina madara, kifi ma ko kallo. Yakan zauna a bakin gareji shi kaɗai, yana tura busasshen burodi da ruwa, kewarta na cinsa.

A haka tsohon, babanta, ya same shi da babur ɗin ya sake lalacewa.

"Ko kifi babu?"

"Ina tsoron in sake kuskure, Baba."

"Kai, wannan ai azabtar da kai ne! Dabbar tudu da tsuntsu aka hana. Kifi, ƙwai, madara, duk ci abinka. Wa ke koya maka?"

"Ba ni da kowa."

Tsohon ya daɗe yana murza makullin babur.

"Wanke hannunka. Mamanta ta soya kifi, ni zan koya maka."

Bayan azumi aka ɗaura musu aure a coci. Da fada, limamin cocin, ya ce dangin ango su miƙe, bencin babu kowa. Sai tsohon ya tashi daga gefen amarya, ya tsallako ya tsaya a bayansa.

"Ga ni," ya ce. "Allah Ya yi muku albarka, 'ya'yana."